Yadda ake haɗa kwamfutar biro da ƙwaƙwalwar injin CNC

Duk wanda ya shigo da injin CNC, wato injin da ƙwaƙwalwarsa ke sarrafa shi da shirin lambobi, shagonsa a Damagaram, ko sabo ne ɗan China mai yanka da leza ko filasma, ko tsohon injin sassaƙa ƙarfe ne da aka sayo na hannu daga Turai ko aka ɗauko daga Kano, matsalar da ke biyo baya ɗaya ce. Zanen aiki yana kan kwamfutar biro, injin yana can cikin rumfa, yaron shago kuma ya zama ɗan aike, yana kai da komo da kilen USB a aljihu. Idan injin ya tsufa ma babu inda za a soka kilen, sai mai aiki ya tsaya yana buga lambobi da yatsa, layi bayan layi. Manyan wurare irin matatar man SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011, suna da injiniyoyinsu da tsarinsu. Wannan bayani na ƙananan shaguna ne da ɗakunan koyon sana'a, inda mutum ɗaya ne mai zane, shi ne mai gyara, wani lokaci shi ne ma maigidan.

Ƙa'ida ɗaya zan riƙa komawa kanta: inji ne babba. Kwamfuta ake lanƙwasawa ta bi injin. Idan Windows ya rikice, kowane mai gyara a Kasuwar Dole zai sake zuba shi a yini guda. Idan ƙwaƙwalwar injin da aka ƙera a 1998 ta rasa saitinta, kana iya yin watanni kana neman wanda zai taimake ka.

Fara da kallo, kada ka taɓa komai

Zagaya injin ka ga kafofin da yake da su. Kafa mai faɗi mai ramuka 25, ko ƙarama mai haƙora 9, wannan ita ce RS-232, tsohuwar hanyar da ke aika haruffa ɗaya bayan ɗaya, wadda aka fara tsarawa tun farkon shekarun 1960. Kafa mai kusurwa huɗu irin ta wayar intanet, RJ45, ita ce Ethernet. Akwai kuma ramin kati a gefen allo, da kafar USB a kan sababbin injina. Rubuta sunan ƙwaƙwalwar da lambarta dalla-dalla, domin sunan kamfanin da ya ƙera gangar jikin injin ba shi ne zai yi maka amfani ba. Fanuc 0i daban, tsohon Fanuc 0-M daban, Siemens 828D daban, Ruida da ke cikin yawancin injinan leza ƴan China daban.

Daga nan ɗauki wayar salularka ka yi hoton kowane shafin saiti da ya shafi sadarwa, tun kafin ka canza ko da lamba ɗaya. Idan injin yana karɓar kati ko kile, kwashe dukkan saitinsa da shirye-shiryen da ke ciki ka ajiye a wuri biyu. A tsofaffin injina batir ne kawai ke riƙe da wannan saiti, zafin watan Afrilu da Mayu kuwa yana cin batir. Idan ka ga gargaɗin batir a allo, canza shi injin yana kunne, kamar yadda littafin Fanuc ya ce. Wanda ya kashe injin ya cire batir ya tafi neman sabo a kasuwa, ya dawo ya tarar da inji marar tunani.

Kuran da wayar ƙasa

Nan ne mutane suka fi gaggawa, nan ne kuma aka fi yin asara. Siginar RS-232 tana yawo ne tsakanin bolt 3 zuwa 15, sama ko ƙasa da sifili, kuma tana auna kanta ne da wayar da ta haɗa jikin kwamfuta da jikin inji. Kwamfutar da aka jona a soket mai rami biyu, babu wayar ƙasa, jikinta yakan ɗauki kusan rabin kuran ɗin gida, wato wajen bolt 110 cikin 220 ɗin da NIGELEC ke bayarwa. Shi ne ɗan tsirin nan da kake ji idan ka taɓa bayan kwamfuta ba takalmi. Mutum ba ya jin komai sai tsiri, amma ɗan ƙaramin guntun da ke bayan kafar injin yana iya ƙonewa nan take, kuma a kan babban allon ƙwaƙwalwa yake.

Saboda haka kafin ka jona komai, sa mitar gwaji a kan bolt na AC, ka ɗora tsinke ɗaya a ƙarfen jikin injin, ɗaya a ƙarfen bayan kwamfuta. Idan ka ga abin da ya wuce bolt ɗaya ko biyu, dakata. Kira mai aikin lantarki ya ja wayar ƙasa daga inda injin ya sami tasa har zuwa soket ɗin biro, su zama ƙasa ɗaya. Ƙasar Damagaram ba ta da sauƙi a wannan fanni: dutse ne da rairayi, kuma da rani ya yi nisa sai ta bushe ƙayau, sandar tagullar da aka kafa ta zama ado. Gara a kafa sanduna biyu ko uku a haɗa su, a wurin da ke samun danshi, kamar kusa da magudanar ruwa. Dabarar zuba gawayi da gishiri a ramin tana taimakawa, sai dai gishirin yana cin ƙarfe a hankali, don haka a riƙa dubawa.

Kwamfutar kuma ta sami ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Lokacin da ake juyawa daga kuran na gari zuwa gurup shi ne mafi haɗari ga kayan. Kuma ka riƙe wannan a matsayin doka a shagon: ba a soka wayar RS-232, ba a zare ta, sai inji da kwamfuta duk suna kashe.

Wayar RS-232

Kada ka shiga kasuwa ka sayi kowace waya don kawai kanta ya shiga ramin. Waya mai haƙora 25 da aka yi wa tsohuwar firinta tana shiga daidai, amma cikinta ba ɗaya ba ne. A kan injinan Fanuc haƙori na 25 yana ɗauke da bolt 24, wanda aka tanada don ciyar da na'urar karanta tef ta da. Idan wannan wuta ta bi waya ta shiga kwamfuta, ko ta taɓa jikin ƙarfe, fis ya tafi, idan an yi rashin sa'a har da abin da ya fi fis tsada. Haɗa wayarka da hannunka ya fi. Duk mai gyaran rediyo ko salula da ya iya riƙe dalma zai yi maka cikin rabin awa.

Abin da za ka nema: kai mace mai ramuka 9 na ɓangaren kwamfuta, kai namiji mai haƙora 25 na ɓangaren inji, da waya mai sulke, wato wadda aka naɗe ƴan wayoyin cikinta da ragar ƙarfe. Ga haɗin da ya fi yawa a kan Fanuc da ire-irensa. Lamba 2 ta kwamfuta ta tafi lamba 2 ta inji. Lamba 3 ta tafi lamba 3. Lamba 5 ta kwamfuta ta tafi lamba 7 ta inji, ita ce ƙasar sigina. A cikin kan da ke ɓangaren inji, haɗa 4 da 5 da ɗan guntun waya, sannan ka haɗa 6 da 8 da 20 wuri ɗaya. A ɓangaren kwamfuta, haɗa 7 da 8, sannan 1 da 4 da 6.

Wani zai ce ai ya ji ana cewa sai an gitta 2 da 3. Gaskiya ne bakin wannan dole ya je kunnen wancan, amma a kai mai 9 lamba 2 ce kunne, 3 ce baki, a kai mai 25 kuwa 2 ce baki, 3 ce kunne. Don haka 2 zuwa 2 ya riga ya gitta. Idan duka ɓangarorin masu 9 ne, kamar yadda ake samu a wasu injina, to a nan ne za ka kai 2 zuwa 3, 3 zuwa 2, 5 zuwa 5. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar kan. Duba su da tocila, kada ka ƙirga da ka, domin na mace da na namiji suna fuskantar juna ne kamar a madubi.

Sulken wayar a gefe ɗaya kawai ake haɗa shi da jikin ƙarfe. Idan ka haɗa gefe biyu, ka buɗe wa kuran hanyar bi ta cikinsa. Tsawo kuwa, abin da aka saba faɗa shi ne mita 15. Da waya mai kyau da gudu kaɗan ana wuce haka, amma a shagon da ake walda ko yanka da filasma ban ba ka shawarar gwadawa ba. Idan nisan ya fi haka, akwai mafita a gaba.

Yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wannan kafa. Idan ta tebur ce, sa mata katin RS-232 a ciki, shi ya fi kwanciyar hankali. Idan ta hannu ce, sai ƴar wayar da ke juya USB zuwa RS-232. Nemi mai guntun FTDI a ciki. Masu araha da yawa suna aika gajeren fayil lafiya, su watsa maka ƙasa a ido a dogon aiki. Idan da hali ƙara ɗan akwatin da ke raba wutar ɓangarorin biyu da haske, wanda ake kira opto. Kuɗinsa bai kai na allon inji ko kusa ba.

Kafin ka je wurin injin, gwada ɓangarenka. Sauke Tera Term, manhajar aikawa da karɓar haruffa ta wannan kafa, kyauta ce. Haɗa lamba 2 da 3 a ƙarshen wayar da ɗan ƙarfe, ka buga haruffa. Idan abin da ka buga yana fitowa a allo, ya kuma daina fitowa da ka cire ƙarfen, to kwamfuta da waya lafiya suke.

Su yi magana da gudu ɗaya

Abubuwa biyar ne dole su zo ɗaya a ɓangarorin biyu: gudu, yawan ɗigon kowane harafi (bit ke nan), ɗigon tantancewa, ɗigon tsayawa, da hanyar cewa dakata. Fanuc ya saba da gudu 4800 ko 9600, ɗigo 7, tantancewa ta even, wadda Windows na Faransanci ke rubutawa paire, ɗigon tsayawa 2, da XON/XOFF. Ba sai ka canza injin ba. Karanta abin da ke cikinsa ka kwafa a kwamfuta.

A jerin 0i, 16, 18 da 21, saiti mai lamba 20 shi ne ke zaɓar hanya: 0 na nufin RS-232 ta farko, 4 kati, 17 kuma USB a kan waɗanda ke da ita. Idan yana kan 0, duba lamba 101 don ɗigon tsayawa, 102 don irin na'ura, wadda ya kamata ta zama 0, sai 103 don gudu. A 103 ba a rubuta gudun kansa, lambar wakilci ake sawa: 10 ita ce 4800, 11 ita ce 9600, 12 ita ce 19200. A tsohon 0-M da 0-T gudun yana lamba 552. A shafin SETTING kuma tabbata harshen fitarwa ISO ne. Idan dole sai ka canza wani abu, za ka mayar da PWE, makullin da ke ba da damar canza saiti, zuwa 1, injin zai nuna gargaɗi mai lamba 100, wannan ba matsala ba ce. Ka gama, ka mayar da shi 0 nan take, kada ka bar ƙofar a buɗe ga kowane yatsa. Mai injin Haas zai sami nasa a saiti na 11, 12, 13, 14 da 37.

A kwamfuta, danna maɓallin Windows da R, rubuta devmgmt.msc, ka duba lambar COM da aka ba kafar taka. Idan ta USB ce, lambar tana canzawa duk lokacin da ka soka ta a wani rami daban, don haka zaɓi rami ɗaya ka yi masa alama da fenti. Shiga saitin kafar na ciki ka rage ma'ajiyar aikawa zuwa mafi ƙanƙanta, idan FTDI ce kuma ka sauke lokacin jira daga 16 zuwa 1. Dalili shi ne XON/XOFF yana aiki ne kamar mai zuba gero a injin niƙa: mai injin ya ɗaga hannu a dakata, ya sauke a ci gaba. Idan kwamfuta ta riga ta cika hannunta da haruffa, ko an ce ta tsaya sai ta zubar da su, tsohon inji kuwa wurin da ya rage masa kaɗan ne.

Karɓa kafin ka aika

Gwajin farko daga inji zuwa kwamfuta ake yin sa. Haka ba ka sa komai cikin injin ba, kuma za ka ga da idonka irin tsarin rubutun da yake so. Buɗe Tera Term ko manhajar aika shiri irin CIMCO Edit, ka sa ta jiran karɓa. A injin juya zuwa EDIT, danna PROG, rubuta lambar wani gajeren shiri, sai PUNCH, sai EXEC. Idan ka rubuta O-9999 ka danna PUNCH zai fitar da dukkan shirye-shiryen da ke ciki. Amma a kula: wannan O-9999 ɗin idan DELETE ka danna bayansa, ya share su duka. Kada ka bar almajirin shago ya yi wannan gwaji shi kaɗai.

Idan rubutu mai ma'ana ya fito, alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare. Idan shirme ya fito, waya lafiya take, gudu ne ko ɗigo bai zo ɗaya ba. Idan babu abin da ya fito sam, koma kan 2 da 3 ko lambar COM. Injin ma yana faɗa maka ciwonsa. Gargaɗi na 86 yana nufin bai ga alamar cewa akwai wani a ɗaya ƙarshen ba, duba haɗin 6, 8 da 20. Na 85 yana nufin haruffa suna zuwa a karye, gudu ne ko tantancewa ko hayaniyar wuta a kan waya. Na 87 yana nufin ya ce dakata ba a dakata ba.

Yanzu canza lambar shirin da ka karɓa zuwa wadda babu ita a injin, ka mayar masa. Injin ne zai fara jira: buɗe makullin kare ƙwaƙwalwa, EDIT, PROG, READ, EXEC. Za ka ga LSK yana ƙyaftawa a ƙasan allo. Sai ka aika daga kwamfuta, rubutun ya koma INPUT. Gargaɗi na 73 yana cewa lambar shirin tana nan tuni, na 70 kuma wuri ya cika.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mu nan Nijar fiye da maƙwabtanmu na Najeriya. Na farko, Windows na Faransanci yana raba lamba da waƙafi, ya rubuta 12,5, inji kuwa ɗigo ya sani, 12.5. Wasu manhajojin zane suna bin saitin Windows wajen fitar da fayil. Shiga saitin yanki ka mayar da alamar ta zama ɗigo. Ka kuma lura cewa Fanuc da yawa idan suka ga X10 babu ɗigo, ba milimita goma suke karantawa ba, kashi goma cikin dubu na milimita suke ɗauka. Rubuta X10. da ɗigonsa. Na biyu, haruffa masu alama a ka irin na Faransanci, da namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin haruffan da ɗigo 7 ke iya ɗauka. Kada su shiga sunan fayil ko bayanin cikin shiri. Idan aikin ƙofa ne, rubuta KOFA da manyan baƙaƙe. Fayil ɗin ya fara da alamar %, sai harafin O da lambobi huɗu, ya ƙare da M30 da wata %.

Shirin da ya zo ta waya karon farko, gudanar da shi a iska, wuƙa nesa da ƙarfe, layi ɗaya-ɗaya, hannunka kusa da jan maɓalli.

Idan shiri ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar injin

Tsofaffin injina wurin ajiyarsu ɗan kaɗan ne, wani bai wuce kilobait 128 ko 256 ba, zanen ado na zamani kuwa yana kai megabait. A nan ake ɗura wa injin shirin yana aiki yana karɓa, abin da ake kira DNC; a kan maɓallin zaɓi za ka ga DNC, RMT ko TAPE. Yi lissafi tukuna. A gudu 9600, kowane harafi yana cin ɗigo 11, wato haruffa kusan 870 a daƙiƙa, megabait ɗaya zai ɗauki wajen minti 19. Idan shirin gajerun layuka ne masu yawa, injin zai cinye su fiye da yadda suke isowa, ya riƙa tsayawa yana tafiya, wuƙa ta bar tabo a jikin aiki. Cire lambobin layi da bayanai da sarari daga fayil ɗin, ko ka ɗaga gudu zuwa 19200 idan waya gajera ce.

A irin wannan aiki kwamfuta ta zama sashen injin. Hana ta barci, hana Windows kashe kafofin USB don tanadin wuta, hana shi sabunta kansa da rana. Kuma kada kowa ya zauna kanta yana kallon bidiyo.

Ethernet

Idan injin yana da RJ45, bi ta nan. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, kuma kowace kafa tana da ɗan taransifoma da ke raba wutar ɓangarorin, abin da RS-232 ba ta da shi. Wayar Cat5e ko Cat6 tana kai mita 100. Nemi ta tagulla zalla. Akwai mai araha wadda alminiyom ne aka shafa wa tagulla, tana karyewa a bakin kai. Jeri iri ɗaya za ka yi a kawunan biyu: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa.

Sa wayar cikin bututu, saboda ɓera da rana. Kada ta kwanta tare da wayar wutar moto ko ta walda. Bar aƙalla taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu, idan dole su haɗu su gitta juna a miƙe. Idan biro da rumfar injina gini biyu ne daban, ni dai faiba nake ba da shawara, da ƴan akwatunan juyawa biyu a ƙarshenta. Gilashi ba ya ɗaukar kuran, tsawar damina ba ta da abin bi. Suwic ɗin da zai zauna cikin rumfa kuma, wato na'urar da wayoyin Ethernet ke haɗuwa a jikinta, a sa shi cikin akwati, a zaɓi marar fanka, domin ƙurar hunturu haɗe da garin ƙarfe tana kashe mai fanka da wuri. Wifi yana da daɗi don aika ɗan fayil, amma ban yarda da shi ba a aikin ɗura.

Adireshi kuwa da hannu ake ba injina, kada a bar akwatin wifi ya raba musu, don gobe yana iya ba su wani. Ware musu unguwarsu. Misali kwamfuta 192.168.10.2, inji na farko 192.168.10.11, na biyu 192.168.10.12, dukkansu da 255.255.255.0, a bar gurbin ƙofar fita fanko don kada su san hanyar intanet. Kwamfutar ta riƙe kafa biyu: wifi don intanet, waya don injina. Rubuta ncpa.cpl bayan Windows da R za ka isa inda ake sa adireshin. Lambobi ukun farko kada su yi daidai da na wifin biro, wanda yawanci 192.168.1 ne ko 192.168.8. Ƙwaƙwalwar Ruida tana zuwa da 192.168.1.100 daga kamfani. Wannan ɗaya ne daga wuraren da canza injin ya halatta, ana yi daga allonsa cikin minti ɗaya.

Rubuta cmd bayan Windows da R, a tagar da ta buɗe ka rubuta ping da adireshin injin. Idan ya amsa, hanya ta buɗe. Idan bai amsa ba, duba ko fitilar kafar tana ci, sannan ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ba ta karɓi wanda ka ba ta ba. Injina da yawa kuma sai an kashe an kunna suke ɗaukar sabon adireshi.

Amsa ping ba ita ce aika fayil ba. Fanuc mai Ethernet a jiki yakan zo ne ya ɗauki fayil daga kwamfuta ta FTP, don haka za ka sa manhaja irin FileZilla Server, ka buɗe suna da kalmar sirri da jaka ɗaya, ka rubuta su a injin, ka kuma ba katangar tsaron Windows izinin barin kafa ta 21 ga adireshin injin kaɗai. Kada ka kashe katangar gaba ɗaya. Wasu injinan jakar da aka raba a Windows suke nema, ta tsohuwar hanyar SMB1, wadda Microsoft ya daina kunnawa a sababbin Windows 10 tun 2017. Ta wannan hanyar ce cutar WannaCry ta bazu a watan Mayu na shekarar, har kamfanin Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Idan injinka ba ya jin wata hanya sai ita, ware masa tsohuwar kwamfuta wadda ba ta taɓa intanet.

Tsohon inji mai RS-232 kaɗai ma yana shiga wannan rezo. Akwai ɗan akwati irin Moxa NPort, gefe ɗaya RJ45, gefe ɗaya haƙora 9. Ana ɗaura shi a jikin injin da gajeriyar wayar RS-232, nisan kuma Ethernet ta ɗauka, kwamfuta ta gan shi a matsayin COM. Wannan ce mafitar mita 15 ɗin nan.

Idan PLC ne

Injin cika ledar ruwa, na matse mai ko na buga bulo, wanda ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake kira PLC ke tafiyar da shi, ba shirin yanka yake so ba, so kake ka ga adadin da ya yi da zafinsa daga biro. Yawancinsu suna jin Modbus, harshen da kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Ta Ethernet kafa ta 502 yake bi. Ta waya kuwa RS-485 ce, ƴan wayoyi biyu a murɗe, tana kai mita 1200 a gudu kaɗan, ana jera na'urori a kanta ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta daga 1 zuwa 247, da rezistans mai om 120 a ƙarshen nan da ƙarshen can. Idan shiru, musanya wayoyin biyu, A da B, kamfanoni ba su daidaita kan sunayen ba, kuma musanyar ba ta ƙona komai. Idan lambar da ka karanta ba ta da ma'ana, gwada gurbi na gaba ko na baya, domin abin da littafi ya kira 40001 wata manhajar 0 take kiransa. Karatu kawai za ka yi daga biro. Tayar da inji da tsayar da shi na wanda ke tsaye gabansa ne, jan maɓallin gaggawa kuma ba ya bin rezo ko kaɗan.

Bayan an haɗa

Injin da ke da Windows XP a cikinsa, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Afrilun 2014, kile ɗaya da ta biya ta shagon buga takardu ta isa ta sa masa cuta. Cutar Stuxnet da aka gano a 2010 ta kile ta isa na'urorin Siemens a Iran. Tunda waya ta samu, toshe kafar USB ta injin, ka hana cajin salula a jikinta. Idan mai gyara daga Yamai ko Kano yana son shiga daga nesa, a buɗe masa lokacin aikin, kana zaune, a rufe da ya gama.

A kwamfuta kowane inji ya sami jakarsa, cikinta biyu: wadda aka gwada da wadda ba a gwada ba. Mai aiki yakan gyara gudu ko zurfin yanka a gaban inji, don haka idan aiki ya fito daidai, a dawo da shirin daga inji zuwa jakar waɗanda aka gwada, da kwanan wata a sunansa. Sannan ka rubuta a takarda gudu, ɗigo, lambar COM, adireshi da zanen haɗin wayar, ka sa a leda ka manna a cikin ƙofar akwatin wutar injin, kwafi ɗaya kuma wurin maigida.